Rediyo a Zaure, Yarinya a Tsakar Gida

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Iyayena maza da ke zaure ko majalisa, iyayena mata da ke tsakar gida, da ƙannena 'yan mata, ina gaishe ku da kyau. Mutanen Tudun Kaya, Turawa, Kwanyawa, Yammedi da cikin garin Ƙaraye, har mu gangara Rogo, Zarewa, Fulatan da Beli, ya muka ji da aikin gona? Allah ya sa mu ci amfaninsa lafiya.

Yau shirin namu a kan sana'ata zai tsaya, wato aikin jarida. Za mu duba yadda gidajen rediyo da jaridu suke kawo labarin haƙƙin mata, da inda labarin yake sauka bayan an kashe rediyo.

A yawancin gidajenmu rediyo ta maigida ce. Shi ke sayen batir, shi ke murɗa tasha, shi ke rataye ta a keke ko ya jingine ta a gindin bishiya yana noma. Labaran safe na BBC ko DW ko RFI, da shirye-shiryen gidajen rediyon Kano irin su Inda Ranka na Freedom, kunnensa suke fara shiga. Yarinya tana can wajen wanke-wanke ko tana jera awara a farantin talla, sai dai ta tsinci kalma ɗaya ko biyu ta kan katanga. Amma in labarin ya shafi 'yan mata, hukuncin da zai biyo baya a kanta yake faɗawa: za ta koma makaranta ko ta zauna, za a jira ta gama aji uku ko za a sa rana. Ɗan jarida yana zaune a Kano ko Abuja ko Landan, a ganinsa magana ya yi a kan 'yan mata. Alhali da iyayensu maza ya yi magana, kuma su ne masu wuƙa da nama.

Bari mu ɗauki abin da ya faru a gabanmu. Ranar Juma'a 26 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara, suka kwashe ɗalibai 279. Wata biyu da 'yan kai kafin nan an kwashe yara maza sama da 300 a Ƙanƙara. Ga Dapchi a 2018, ga Chibok a 2014 duk ba a manta ba. Nan da nan gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 10 da ke wajen birni, mafi yawansu na 'yan mata, irin su na Sumaila, Jogana, Gezawa, Kachako, Kunchi da Albasu. Kwalejin Unity ta Ƙaraye ma tana cikin jerin. Ban ga laifin gwamnati ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban kuma ga laifin 'yan jaridar da suka kawo labarin ba, domin ɓoye irin wannan abu cin amana ne.

Inda nake da magana shi ne bayan nan. An sako 'yan matan Jangebe ranar 2 ga Maris, kwana huɗu da sace su. Aka yi murna, aka ɗauki hotuna a gidan gwamnati na Gusau, 'yan jarida suka naɗe kayansu suka koma wani labarin. Su nawa ne suka koma aji? Su nawa aka aurar kafin shekara ta zagayo? Wace makaranta aka kewaye da katanga, wacce aka mayar ta jeka-ka-dawo? Waɗannan tambayoyi ba su samu ko rubu'in lokacin da labarin satar ya samu ba. Rufe makaranta labari ne mai ƙara, a kanun labarai ake sa shi. Buɗe ta kuwa sanarwa ce ta layi biyu, a karanta ta tsakanin tallar taki da tallar maganin basir.

To uban da ke Tudun Kaya me ya rage a kunnensa? Makaranta wurin sata ce. Kuma kun fi ni sanin yadda abin yake ƙarewa. Namiji in an rufe makarantarsu, za a tura shi wajen kawunsa a birni, ko ya yi zaman jira yana taya noma, in an buɗe ya koma. Mace kuwa in ta yi wata uku a gida, sai gwaggo ta fara tambaya, zaman me take yi? Sai manemi ya turo magabatansa. Ba wanda ya yi niyyar mugunta a gidan. Tsoro ne ya shigo ta rediyo, ba a kuma aiko da labarin da zai fitar da shi ba.

Akwai wani labarin da ya fi wannan nauyi a zuciyata. A watan Afrilun 2014, watan da aka sace 'yan matan Chibok, labari ya fito daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya. Wata amarya da aka ce shekarunta 14 aka zarga da zuba maganin ɓera a abinci, mijinta da wasu mutum 3 suka rasu. Rayuka huɗu ke nan, Allah ya jiƙansu, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Da yawanku kun tuna sunanta, amma ba za ku ji shi a bakina ba. Tun 1998 ƙungiyoyin 'yan jaridar Najeriya suka zauna a Ilorin suka amince da ƙa'idojin aiki, kuma a ciki akwai cewa ba a bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar aikata laifi ko ta lalata, shi aka cuta ne, ko shi ake tuhuma, ko shaida ne. Duk da haka sunan yarinyar nan da fuskarta sai da suka zagaya duniya.

Jaridun ƙasashen waje suka mai da ita tutar yaƙi da auren wuri. Majalisun gida kuma suka mai da ita abin ba'a, ango ya kawo abinci a ce a bari amarya ta fara ɗanɗanawa. Aka gurfanar da ita a babbar kotun da ke zama a Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa, lauyoyi mata na ƙungiyar FIDA suka tsaya mata. A tsakiyar 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar, kotu ta sallame ta. Ku tambayi mutum goma a kasuwar Ƙaraye, za ku samu masu tuna guba sun fi masu tuna sallama yawa nesa ba kusa ba.

Ku tsaya ku ɗauki kanku a matsayin yarinya 'yar shekara 13 da ta ji wannan labari tana surfe. Ta san ƙawayenta da suka ce ba sa so, suka yi kuka, suka gudu gidan kaka aka dawo da su, ba wanda ya taɓa ambatonsu a rediyo. Ranar da ta ji duniya ta kula da cewa wata yarinya ba ta son aurenta, ranar an ɗauki gawa huɗu. Wannan darasi ne mai haɗari, kuma ba wani malami ne ya koyar da shi ba, zaɓin labarai ne ya koyar. Da a ce ana kawo labarin yarinyar da ta kai kukanta wajen mai unguwa ko liman ko alƙali aka saurare ta aka warware cikin mutunci, da ta san akwai ƙofa. Irin wannan sulhu ana yin sa a garuruwanmu, sai dai da yake ba jini a ciki, ba mai aiko da wakili.

Yanzu kuma waya ta shigo, kowa ya zama ɗan jarida. A yi wa yarinya fyaɗe, kafin magariba hotonta da sunan unguwarsu suna yawo a WhatsApp da Facebook, wai ana nema mata adalci. Mai laifin zai iya canza gari. Ita kuwa a garin za ta girma, a garin za a zo neman aurenta. Maƙwabta suna kallon abin da ya same ta, gobe in ya faɗa kan tasu 'yar sai su ce a rufa asiri, ba asibiti ba 'yan sanda. Iyayena mata, ku riƙe wannan: a asibitin Murtala da ke Kano akwai cibiyar Waraka, aikinta duba waɗanda aka yi wa irin wannan cuta da ba su magani da shawara. Saurin kai yarinya yana da muhimmanci, domin wasu magungunan kariya a cikin kwana uku na farko suke aiki. Wanda ya turo muku hoton yarinya kuma, ku goge, kada ku tura gaba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan yadda ake kawo labarin haƙƙin mata da abin da yake jawo wa 'yan mata.

Wata matsalar ita ce yadda ake jera labarin kamar dambe, ga Turawa da ƙungiyoyi a gefe ɗaya, ga addini da al'ada a ɗaya gefen. Mutanen Rogo, Bakori ba nisa gare ku. A watan Maris na 2002 kotun shari'a a can ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta ɗauka. Takardun koke suka yi ta yawo a intanet, wasu suna cewa an riga an sa ranar kisa, wasu suna cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar, alhali ko kusa maganar ba ta je can ba. Har sai da ƙungiyar BAOBAB, wadda matan Najeriya ne suka kafa ta kuma tana cikin masu taimakon Amina, ta fitar da wasiƙa a 2003 tana roƙon a dakatar da irin waɗannan koke-koke, domin kurakuran da ke cikinsu da zagin addini suna iya ɓata shari'ar. Ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta wanke ta. Da me aka wanke ta? Da hujjojin fiƙihun Malikiyya da lauyoyinta suka kawo, a gaban alƙalan Musulunci.

Amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne Turawa sun matsa. Tun daga lokacin, duk wanda ya ɗaga maganar haƙƙin mace a karkara sai an kalle shi da ido ɗaya, a ce an ba shi kwangila. Wa ya biya kuɗin wannan zargi? Yarinyar da ta ce wa babanta tana son ta gama sakandare, aka ce mata ta fara jin zancen 'yan boko.

Haka aka sake yi a 2017. A watan Fabrairu, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya yi jawabi a taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali, ya ce malamai suna aikin tsara dokar iyali ta Musulunci a Kano. Daftarin ya taɓo yardar mace a aure, ciyarwa, duka, saki, riƙon 'ya'ya da gado. Washegari me ke kanun labarai? Sarki zai hana talaka ƙara aure. Aka yi makonni ana kiran waya a gidajen rediyo, maza suna ta kumfar baki a kan mace ta biyu da ta uku. Ko kana goyon bayan Sarki ko ba ka yi, wannan ra'ayinka ne. Abin da na sani shi ne ba a ba jama'a damar jin sashen da ya shafi yarinyar da aka saki uwarta aka bar su ba ci ba sha ba, domin wancan kanun ya fi sayuwa. Shi kansa Isa Wali da ake tunawa a ranar, ɗan malaman Kano ne, kuma tun 1956 ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, da hujjojin Alƙur'ani da hadisi. Ashe muhawarar ta girmi 'yancin kan Najeriya, kuma a cikin gida aka haife ta.

Ni abin da nake so in riƙa ji a rediyo ba mai wahala ba ne. Sadaki na amarya ne, ba na uba ko kawu ba. 'Ya mace tana da rabonta a gado, har da gona, kuma kun san gonaki nawa ne a ƙasar Ƙaraye da Rogo suke hannun 'yan'uwa maza da sunan riƙo shekara ashirin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi izinin budurwa, bayanin iyakar ikon uba kuma fagen malamai ne, a gayyato su su yi shi dalla-dalla. Macen da aure ya gagare ta tana da hanyar khul'i a gaban alƙali. Ta fuskar hukuma kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko na karatu kyauta ne kuma dole ne, mace da namiji, sannan a 2019 gwamnatin Kano ta ƙaddamar da nata shirin har zuwa sakandare. A watan Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara ta jihar Kano, shekara 20 bayan ta tarayya ta 2003. An ba da labarin sa hannun, an nuna biro da takarda. Abin da ke cikin takardar fa, su wa suka ji?

Kada in yi wa sana'ata rashin adalci, rediyo ta yi abin kirki in ta ga dama. A 2006 an watsa wani wasan kwaikwayo mai suna Gugar Goge a Kano da Kaduna, ƙungiyar Population Media Center ce ta shirya shi. Labarin wata yarinya ne da ta gamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Masu shirin ba su bar ta a kan tabarmar kunya ba, sun bi ta har asibiti, har aka yi mata aiki. Daga baya suka ba da rahoton cewa mata da dama da suka je neman magani sun ce shirin ne ya sa suka fito. Cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari tana nan a asibitin Murtala, Babbar Ruga tana nan a Katsina, amma sai da mace ta ji wata irinta ta shiga ta fito lafiya kafin ta ɗaura zane ta nemi mota. Mai wasan kwaikwayo ya kai labari ƙarshensa. Ban ga abin da zai hana mai labarai ya koma Jangebe ko Gaya bayan shekara ɗaya ba.

Sannan akwai maganar wa ke riƙe da makirfo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar Kano, ta zama editar Sunday Triumph a 1983, daga baya ta riƙe New Nigerian a Kaduna, tana kuma cikin matan da suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Ta rasu a turmutsutsun Mina a aikin hajjin 2015, Allah ya gafarta mata. Da lulluɓinta ta yi aikin, ta yi rubutu kan karatun 'ya mace da lafiyar masu haihuwa shekara da shekaru. Tun 2016 kuma BBC Hausa take gasar Hikayata, inda mata suke rubuta gajerun labarai a karanta su duniya ta ji. Yarinyar da ta ji muryar mace tana yi wa gwamna tambaya, wani abu yana motsawa a ranta. Uban da ya ji ma haka, ko bai faɗa ba. In kuwa duk macen Arewa da ake ambata a labarai ko dai an sace ta, ko ta kashe miji, ko Hisbah ta kama ta saboda TikTok, to mun nuna wa uba cewa fitar 'yarsa ba ta da makoma sai ɗaya daga cikin ukun nan. Malamar firamare, da ungozomar asibitin sha-ka-tafi, da matar da ke sayen waken suya buhu-buhu tana biya wa ƙannenta kuɗin jarrabawa, duk suna nan a Ƙaraye da Rogo, ba a dai zo da na'urar naɗar murya wajensu ba.

Baba, kai da rediyo take hannunka, roƙona gare ka kaɗan ne. In ka ji mummunan labari a kan 'yan mata, kada ka yanke hukunci a daren. Ka tambayi a ina abin ya faru, yaushe, daga baya kuma me ya biyo. Ka taka zuwa makarantar da ƙafarka, ka ga shugabanta, ka ji daga bakin shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ka duba katanga da mai gadi da idonka. In ba ka gamsu ba, ka nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa kafin ka nemi mai kawo goro. In an buɗe layin waya a gidan rediyo, ka kira ka ce, yarinyar nan da kuka ba mu labarinta bara, ina aka kwana? Editoci suna jin irin wannan kira, domin da masu sauraro suke cin abinci. Ranar da ake shirin mata ko na lafiya kuma, ka miƙa rediyon cikin gida, batir ɗin awa ɗaya ba zai talauta ka ba.

Ƙannena 'yan mata, ku kuma in kun ji labari ya tsorata ku ko ya ɗaure muku kai, ku kai shi wajen inna ko malamarku ta Islamiyya ku tambaya. Kada ku tura wa kowa hotonku don ya ce zai kai kukanku gidan rediyo.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zo da dokar kare yara ta jihar Kano ta 2023, tare da lauya mace da malamin fiƙihu, mu bi ta sashe-sashe da Hausa. Duk mai tambaya a kanta ya tanada, za mu buɗe layi bayan rabin sa'a na farko, kuma mata za mu fara ɗauka.

(Kiɗan rufe shiri)